Ka Hau Saman Gidan Kafin Ka Saya

Sanusi ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Falmata da nauyin jikinta. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ya tsare ku a garin da kuka baƙunta, ya sa aikin asibitin da aka ba ka a Damagaram ya zama alheri gare ka da duk wanda zai biyo ta hannunka. Mu nan Gure lafiya lau muke. Labarin gari ba zan cika takarda da shi ba. Mamman direba da zai miƙa maka ita ya fi ni baki, ka tambaye shi.

Shi ne ya kawo mini saƙonka cewa zaman haya ya ishe ka tun ba a je ko'ina ba, kuma wani dillali ya nuna maka gida mai soro biyu da ɗaki ɗaya na tol, wato mai rufin kwano. Ya ce an yi wa gidan sabon yaɓe, an shafe cikinsa da farar ƙasa, ana kuma so ka yanke magana kafin ruwa ya sauka. Na yi murna, domin namiji mai iyali ya kamata ya yi tunanin wurin kansa. Sai na tambayi Mamman ko ka hau saman gidan ka duba. Ya ce bai ji ka faɗi haka ba. Shi ya sa na rufe keken ɗinki yau na zauna rubutu.

Ni tela ne, ba magini ba. Ɗan abin da na sani game da rufi, a jikina na koye shi, kuma ba na so kai ma ka koye shi ta wannan hanya.

Tun kafin in auri innarku, da na gama koyon ɗinki, na sayi wani ɗan ɗaki a bakin kasuwar Gidigir. Da rani ne. Ranar da na je gani, abin da na duba shi ne inda ƙofa ta fuskanta, da inda haske zai faɗo a kan keke, da yawan masu wucewa ranar kasuwa. Na ɗaga kai sau ɗaya, na ga an kafa sabbin tabarmin kaba a ƙarƙashin azara, sun rufe sama gaba ɗaya. Na ce a raina mai ɗakin nan mutum ne mai son tsabta. Ruwan farko na waccan shekara ya zo ne dab da salla, ɗaki cike da yadukan mutane. Na rufe na tafi masallacin Juma'a, hadari ya taso muna can, muka fake har ya ɗauke. Da na dawo na buɗe ƙofa, sai na tarar tabarmin sun yi ciki, jan ruwa yana tsiyaya ta wurare da yawa, daidai kan tarin kayan. Akwai farin yadin wani dattijo da ya ce a yi masa babbar riga. Na wanke shi har hannuna ya yi ciwo, jar ƙasa ba ta fita ba. Na bi mutane gida gida ina ba da haƙuri. Wasu suka haƙura, wasu ba su sake kawo mini ko ɗinkin hula ba. Da na yaye tabarmin nan, sai ga baƙin sawun ruwa a jikin kowace azara, tsohon sawu, na damina da yawa.

Saboda haka duk abin da aka rufe azara da shi a gidan nan, tabarma ce, yadi ne, ko kwali irin na mutanen birni, ka sa a ɗaga maka ko gefe ɗaya ne. Ka ga itacen da idonka. Farar ƙasar da aka shafa ma kada ta ɗauke maka hankali. Ka duba kusurwoyi na sama, inda bango ya haɗu da rufi. In ruwa ya saba bi ta wuri, sawunsa yana fitowa ta ƙarƙashin shafen kamar inuwa, ko an yi masa shafe biyu. In ka ga kusurwa ɗaya ta fi sauran fari, ka tambayi dalili. Ka kuma tsaya shiru a tsakiyar ɗaki ka shaƙi iska. Ɗakin da ke yoyo yana da warinsa ko da tsakiyar rani.

Bayan na dawo Gure na yi aure, kula da gidanmu na gado ya dawo hannuna. Ɗakin kakarka, mahaifiyata, shi na fi damuwa da shi. Kowace shekara, da an fara ganin hadari a gabas, sai in kwaɓa ƙasa in hau in ƙara wa samansa. Ban taɓa kankare tsohuwar ba, sabuwa kawai nake ɗorawa. Ina jin daɗi in ji tana gaya wa ƙawayenta cewa ɗakinta ko ɗigo ba ya yi. Gaskiya ne, ba ya yi. Sai wata shekara kakarka ta fara cewa ƙofarta ba ta rufuwa sai an danna, kuma tana ji kamar ɗakin yana matso ta. Na ɗauka zancen tsufa ne. Da ta dame ni, na kira Kalla magini, ka san shi, mai gida kusa da rijiya. Ya shiga ya tsuguna a bakin ƙofa ya hangi azarun ta ƙasa, ya kira ni na tsuguna kusa da shi. Daga nan ne na ga sun lanƙwasa a tsakiya kamar bayan tsohon jaki. Muka hau, ya haƙa rami a gefe don ya ga kaurin ƙasar, hannunsa ya shige har gwiwa bai taɓa itace ba. Ya ce azarar goriba ce, irin tamu ta kwari, ba ta da ƙarfin giginya, kuma in ƙasar nan ta sha ruwa nauyinta sai Allah. Ranar muka fitar da kakarka tana faɗa, tana cewa a bar ta ta mutu a ɗakinta. Muka sauke rufin duka muka sake. Allah ya kiyaye, ba abin da ya samu kowa.

Kai ma ka tsuguna a bakin ƙofar kowane soro ka hangi azara ta ƙasa. Wanda yake tsaye ba ya ganin lanƙwasa. Ka gwada ƙofofi da tagogi, in suna cijewa ta sama akwai abin da ke danne su. In ka hau, ka duba bakin indararo, nan ake ganin kaurin ƙasar ba sai an haƙa ba. In an ce maka mai gidan mutum ne mai kula, kowace shekara yana ƙara yaɓe, ka tambaya ko yana kankarewa. Ka tambayi irin itacen kuma. A Damagaram za ka samu giginya, ta fi tamu, amma ita ma tana tsufa.

Labari na uku kuwa ka san ƙarshensa, domin kana ganin tafiyar innarku. Amma lokacin kana lakwal, makarantar boko, a Damagaram, da ka zo hutu an riga an kwashe ƙasa an share wuri. Bari in gaya maka yadda ya faru daki daki, domin a cikinsa ne abin da nake so ka riƙe yake.

A tsakiyar shekarun fari ne, lokacin da gidan gado ya yi mana kaɗan mu da iyalin baffanka. Malam Gaji, mutumin Bune da ya daɗe zaune a Gure, shanunsa suka ƙare. Ba sayarwa ya yi ba, mutuwa suka yi ɗaya bayan ɗaya, har ya daina zuwa jan gawarsu. Ya yanke shawarar kwashe iyalinsa ya tafi Najeriya wurin ƙaninsa, ya sa gidansa a kasuwa. Mutumin kirki ne, muna sahu ɗaya da shi a masallaci. Shi da kansa ya zo shagona ya ce in gidan zai fita hannunsa, ya fi so ya faɗa hannun wanda ya sani.

Na je gani da hantsi. Ya zagaya da ni, rigarsa ta yi masa yawa saboda rama. Turken shanu yana nan a tsakar gida, igiyoyi a rataye, ba ko akuya. Matarsa tana ɗaure kwanuka a cikin zane. Ga tsani jingine a bayan rumbu, na gan shi. Na riga na san abin da ya same ni a Gidigir, na san abin da Kalla ya nuna mini. Amma sai na ji kunya. Na ce a raina, mutumin da ya rasa komai, in zo kuma in hau saman gidansa ina ƙwanƙwasa kamar mai neman aibu a jikin dabbar kasuwa, ai wulaƙanci ne. Sai kawai na tambaye shi da baki ko soron yana yoyo. Ya ce wallahi ya manta rabon da ya tara kwano a ɗakin nan. Na yarda, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da bai zo mini a rai ba, shi ma bai zo masa ba, shi ne shekarun nan duka ba a yi ruwan da zai gwada rufi ba. Ɗan yayyafin da ake yi, kafin ya jiƙa ƙasa rana ta shanye shi.

Muka tare. Ba a daɗe ba innarku ta fara ce mini kowace safiya tana samun wani gari mai laushi a kan marufan kwanukanta, a gefen bango na gabas. Ta goge, gobe ya dawo. Na ce mata rairayi ne, a garin nan wa ya rabu da rairayi. Ta ce rairayi ta san shi, wannan launin itace gare shi. Na ce zan duba. Lokacin kowa hankalinsa yana kan abin da za a ci, ana bin layin jar dawar taimako, ɗinki ya yi ƙasa, wa yake sabuwar riga. Ban duba ba.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, ruwa ya dawo. Ka tuna yadda aka yi murna. Ruwan farko muka fita shuka da ɗan irin da muka samu. Aka yi na biyu, aka yi na uku, kowane ya fi na baya. Ban sani ba, iska ta shekara da shekaru tana tara rairayi a saman soron, ya toshe indararo tam. Rawanin ginin da aka kewaye saman da shi kuwa ya riƙe ruwa kamar kwatarniya. Ruwa yana zaune a kanmu, muna ƙasa muna godiya ga Allah.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, ana yayyafi. Ina shago. Ƙanwarka Zainabu, lokacin ba ta daɗe da yaye ba, tana barci a soron. Innarku tana rumfa tana tankaɗe. Ta ce ta ji ƙara kamar an karya kara a gwiwa, ta ji kuma ta biyu. Ba ta tsaya tunani ba, ta shiga da gudu ta sunkuci yarinya. Tana juyowa ƙasa ta fara zuba. Ta kai bakin ƙofa ta wurgo Zainabu waje cikin taɓo, ita kuma gefen gabas ya sauko ya kama ta daga ƙugu zuwa ƙasa.

Maƙwabcinmu ne ya zo shago ya ce in taso, bai gaya mini komai ba sai a hanya. Na tarar mutanen unguwa sun riga sun fara tono, wasu da fartanya, wasu da hannu. Rabin jikinta yana waje, fuskarta duk laka. Tana ganina ta ce, "Ka duba yarinyar tukuna, na jefa ta da ƙarfi." Zainabu tana hannun wata mata tana kuka, ko ƙwarzane ba ta yi ba sai a gwiwa. Muka ɗaga azarar da ta danne ƙafar, muka ɗora innarku a amalanke zuwa gidan likita. Ƙashin cinya ya karye, ƙugu ya goce. Aka yi abin da za a yi, maɗori ma ya yi nasa. Ta gama damina a kwance, matan unguwa ne suka riƙe mana tukunya, gonar kuma ni da baffanka. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma da ɗingishin da ka sani, kuma har yau in hadari ya haɗu ƙugun yana gaya mata kafin kowa ya gani.

Da muka zo kwashe ƙasa, na ɗauki azarun ɗaya ɗaya na duba. Tsakiyarsu lafiya lau, da ka buga sai ka ji ƙarfi. Kawunansu kuwa, inda suke shige cikin bango, gara ta cinye su. Na kama kan ɗaya na matse, ya marmashe a hannuna kamar ɓawon gyaɗa. Garin da innarku take gogewa ke nan.

Bayan shekara biyu Malam Gaji ya zo ganin dangi, ya ji labari a tasha, ya wuce gidanmu kai tsaye ko kayansa bai sauke ba. Ya gaida innarku daga bakin ƙofa, ya ga yadda ta taso da sanda ta kawo masa ruwa. Muka zauna a zaure. Na ce masa kada ya sa wa ransa damuwa, na san bai ɓoye mini komai ba, ni ne na ji nauyin hawa a gabansa. Ya dube ni ya ce, "Malam, da ka ce za ka hau, ai ni zan ɗauko maka tsanin. 'Ya'yana ma a ƙarƙashinsa suke kwana."

To, Sanusi, ka ji. Hawa saman gida ba zagin mai gida ba ne. Mai gaskiya ba zai hana ka ba, sau da yawa shi kansa bai san abin da ke kansa ba. Wanda ya hana ka kuwa, ko ya fara kawo uzuri cewa tsani ya karye, ko mata suna ciki, ka yi masa godiya ka tafi abinka.

In za ka je, ka tafi da basilla ko doguwar ƙusa. Ka taka turmi ka soka ta a kan kowace azara, daidai inda ta shiga bango. In ta tsaya, madalla. In ta shige ba wuya, kada ka saurari komai kuma. Ka ari taɓarya ka bubbuga itacen a hankali, mai lafiya da mai rami ba amonsu ɗaya ba, kunnenka zai gaya maka. Ka duba jikin bango ko akwai siririyar hanyar ƙasa da gara ke ginawa. In ka hau sama, ka tuɓe takalmi. Tafin ƙafa yana jin inda ƙasa ta yi taushi ko ta lotsa. Ka bi gefe tukuna kafin ka taka tsakiya. In ka ga busasshiyar ciyawa ta tsiro a wani wuri, ruwa yana kwana a nan. Ka sa a miƙo maka ruwa tulu ɗaya ko biyu, ka zuba a wuri mafi nisa da indararo, ka tsaya ka ga inda zai bi. In ya tafi ya fita, to. In ya tsaya yana kallonka, haka na sama ma zai yi. Sannan ka sauka ka duba gindin bango a ƙarƙashin indararon, ko ruwa ya ci shi.

Ɗakin tol ban san shi sosai ba, sai ɗan wanda na sa a rumfar shago, iskar hadari ta ɗauke shi ta kai bayan kasuwa domin katakon da aka kafa shi a kai ya ruɓe. Abin da zan iya ce maka, ka shiga da tsakar rana ka rufe ƙofa da taga. Duk inda haske ya shigo, ruwa ma zai shigo. Ka duba tsatsa a bakin ƙusoshi da inda tol ya hau kan tol. In ka ga an jera duwatsu ko tsofaffin tayoyi a samansa, ka san ƙusa ta daina riƙewa.

Kada ka je kai kaɗai. Ka nemi magini naka, wanda ba dillalin ne ya kawo shi ba. Abokan aikinka 'yan gari za su san wani. Ka tafi da Falmata kuma, in jikinta ya yarda. Ku maza kuna waje kuna magana, ita ta shiga wurin matan gidan da na maƙwabta. Su ne suka san inda ake tara kwano da inda ake janye gado in hadari ya taso, kuma abin da ba za a gaya maka ba za a gaya mata. In ta ce maka ta ga wani abu, ko ƙarami ne, ka tashi ka duba a lokacin.

Zancen a yanke magana kafin ruwa ya sauka kuwa, shi ya fi tsaya mini a rai. Damina ta kusa. In gidan lafiya yake, ruwa biyu ko uku ba za su rage shi da komai ba. Ka ce wa dillalin mahaifinka ya ce a jira, ka ɗora laifin a kaina, na ɗauka. Ka je washegarin ruwa mai ƙarfi ka shiga kowane ɗaki. In wani ya riga ka saya, ba rabonka ba ne, gidaje ba su ƙare a Damagaram ba. Ɗakin haya da ba ya zuba ya ishi Falmata ta haihu a ciki.

Da an yi ruwan shuka na rufe iri, zan shigo motar Mamman in zo. Innarku ta riga ta fara haɗa abin da zan riƙo wa Falmata. Gwiwoyina yanzu ba sa yarda da hawa, ko kan rumbu baffanka ke hau mini. Amma zan tsaya a ƙasa in riƙe maka tsani, kai ka hau, kana gaya mini abin da ka gani.

Allah ya tsare ku, kai da iyalinka, a gida da wurin aiki da kan hanya. Allah ya sauki Falmata lafiya. Allah ya zaɓa muku wurin zama mai albarka, ya rufa muku asiri, ya ba mu damina mai kyau. Innarku da Zainabu da baffanka suna gaishe ku.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
daga Gure.